Jemage a Riga, Ƙuda a Kashin Shanu

Tun daga kwanar shiga gandu, Auta ta hango tarakta a bakin filin kiwo, an ɗaura mata faffaɗan bokitin kankare ƙasa, injinta na rugugi. Shanun da ta bari jiya a filin babu ko ɗaya. Ba ta rage gudu ba. Ta karya kan motarta ta bar hanya, ta ratsa ciyawa, ta gicciye ta a ƙofar filin, gabanta na shafar ginshiƙin dama, bayanta na gogar na hagu. Ta kashe, ta zare mukulli ta cusa cikin dogon takalminta na roba.

Direban taraktar ya leƙo ta taga.

"Dakta, lafiya? Birki ne ya tsinke?"

"Birkina lafiya lau. Naka nake so ka taka."

"Manaja ya ce in kankare filin nan tas, kada in bar ko ɗigon kashin saniya. Masu rumfa suna hanya."

"To kashe injin, ka kira min Manaja."

Manajan gandun yayanta ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Gandun kuwa na wata ƙungiyar kare dabbobi ne, kuma abin da ya yi masa suna shi ne tsohon siton da ke can ƙarshen filin, wanda wasu ƙananan jemagu masu cin ƙwari suka mayar da rufinsa gidan haihuwa. Yaya ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ƙarƙashin rufin nan yana ɗaga kai. Ita kuwa Auta, masaniyar ƙwari, tata ƙuruciyar a durƙushe ta ƙare, tana kallon ƙasa. Jibi za a buɗe sabon ɗakin kallon jemagu, shugabar gidauniyar da ta gina shi za ta zo da baƙinta, kuma filin kiwon nan ne kaɗai wurin da mutum zai zauna ya ga fitowar jemagun gaba da gaba.

Ga Yaya nan tafe yana sauri, waya a hannu, sanye da sabuwar rigar bikin, an buga mata hoton jemage ya buɗe fukafukai a ƙirji.

"Auta, janye motar nan."

"Ina kwana, Yaya."

"Ban kwana ba. Janye."

"Ina ka kai min shanu?"

"Suna garken baya, ba abin da ya same su. Kuma ba naki ba ne." Ya rage murya don kada direba ya ji. "Baƙi za su zo da fararen kaya da takalma masu tsini. Kina so in shimfiɗa musu kujeru a cikin kashi? Kankarewa kawai za a yi, a zuba yashi, a kafa rumfa. Bayan biki shanu su dawo su yi miki sabo, ai ba ya ƙarewa."

"Sabo ba ya min amfani. Zo ka gani."

Ta tsallake shingen. Ya yi tsaki, amma ya biyo ta. Ta tsuguna gaban wani kashin shanu da ya bushe ya yi ɓawo, ta sa farce ta ɗaga gefensa a hankali. A ƙarƙashi ga wasu 'yan ƙwayaye farare a manne, ƙanana kamar an barbaɗa gero.

"Ƙwan ƙudan farauta," in ji ta. "Busasshe yake nema, wanda ya sha rana. In sun ƙyanƙyashe, tsutsotsin su nutse ƙasa su ci gwazarmar buzuzu, su daɗe a can kafin su fito da fukafukai. Bokitin can in ya bi ta nan, na bana ya tafi, na bara da ke ƙasa ma ya tafi. Na zaga duk gonakin da ke kewaye da mu, Yaya, babu shi. Shanunsu na shan maganin tsutsar ciki mai ƙarfi, kashinsu ko buzuzu ba ya rayuwa a ciki. Nan ne kawai ya rage masa."

"Na sani. Kin faɗa min a taro, kin faɗa min a gidan Umma, kin faɗa min ranar sunan ɗana."

"Amma ka kira tarakta."

"Kwamitin gandu ne ya kira." Ya shafa ƙeya, ya waiga, sannan ya tsuguna kusa da ita. "Saurara. Ni ma ba son raina ba ne. Jemaguna buzuzun kashin nan suke ci, ke kika fara nuna min. Ki ce min kawai in an kankare filin nan jemagu za su cutu. Ki faɗa da bakinki, ke ce masaniyar. Yanzu zan buga wa kwamiti waya, ba mai musu da ni a kan jemage. Tarakta ta koma, kowa ya huta."

Auta ta mayar da ɓawon yadda yake.

"Ba za su cutu ba."

"Auta."

"Da watan da suke shayarwa ne, da tuni na faɗa, don iyayen ba sa nisa da sito. Yanzu 'ya'yan sun girma, suna tashi har bayan rafi, abinci ko'ina. Ka fi ni sanin haka. Jemage yana da fukafukan da za su kai shi wata gona. Ƙwai kuwa ina za shi?"

"Wa zai bincika? Kalma ɗaya ce."

"Ni zan bincika. Kuma na gaji. Duk lokacin da zan roƙa wa ƙudan nan wani abu, sai na ɓoye shi a hammatar jemage. A bar shanu, saboda jemage. A daina maganin nan, saboda jemage. Ranar da jemage bai buƙata ba, ga ta nan, an turo tarakta. Su biyun mafarauta ne, tukunya ɗaya suke ci, ɗaya da rana ɗaya da duhu, su biyun suna ƙarewa. Naka an buga shi a riga, an gina masa ɗakin kallo. Nawa ko sunansa kwamiti bai iya faɗa ba. Yau a bar filin nan don shi, ko a kankare har da ni."

"Nawa yana da fuska, yana shayar da ɗa. Naki gemu ne da ƙafafu masu gashi, mutane ganinsa suke su ɗauka zirnaƙo ne su nemi takalmi."

"Naka ma kafin ka sa shi a riga da tsintsiya ake bin sa."

Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa. Fuskar yaya ta tafi, ta Manaja ta dawo.

"Ba ni mukulli."

"Yana cikin takalmina. Zo ka cire."

Bai zo ba. Ya ɗaga hannu ya kira ma'aikatan lambu, ƙarti majiya ƙarfi, ya ce su ɗaga bayan motar su juya ta. Suka dubi Auta suna sosa kai, suka ce Dakta a yi haƙuri, suka sa hannu. Motar ƙarama ce. Suka rinƙa ɗaga ta suna direwa kamar buhu har ƙofa ta buɗe.

Direba ya tayar da inji. Kafin ya sa giya Auta ta tsallako, ta taka haƙoran bokitin ta shige ciki, ta zauna ta miƙe ƙafa, ta naɗe hannu a ƙirji.

Direba ya kashe inji.

"Oga, ni dai ƙasa aka ce in kwasa, ba a ce min har da Dakta ba."

Ma'aikatan suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Yaya ya danna waya, ya sa ta a lasifika, ya miƙo saitin bokitin. Muryar mahaifiyarsu ta fito tar, ana jin ƙarar famfo a bayanta.

"Ke Auta, me nake ji? Wai kin shiga cokalin mota?"

"Ina kwana, Umma."

"Duk karatun da kika yi, a kan kashin saniya za ki kunyata yayanki gaban yaransa? Sauko."

"Umma, da kaina zan zo in ba ki haƙuri, in durƙusa har ƙasa. Amma ba zan sauko ba."

"Kai kuma babba, ka rasa wurin kafa rumfa duk faɗin gandun nan sai inda ƙanwarka ke kiwon ƙudajenta?"

"Umma, ba ki gane ba, kwamiti ne..."

"Ni ban haifi kwamiti ba. Tukunyata na kan wuta." Ta kashe.

Motar masu rumfa ta iso, maƙare da ƙarafa da kujerun roba, ta tsaya bayan tarakta tana hon. Rana ta fara zafi, ƙarfen bokitin ya fara gasa wa Auta baya. Ba ta motsa ba. Yaya ya matso har ya dafa haƙoran bokitin.

"In kika kai ni bango, zan dakatar da ke daga aiki. Ba wasa nake ba."

"Dakatar. Bokitin ba ya tambayar katin aiki."

Ana haka wata baƙar mota mai sheƙi ta shigo a hankali ta tsaya. Ba a sa ran shugabar gidauniya sai jibi, amma ta yi sammako don ta ga shiri da idonta. Dattijuwa ce siririya, da tabarau da sandar tafiya, farin takalmi a ƙafa. Ta dubi motar rumfa, ta dubi tarakta, ta dubi matar da ke zaune a bokiti.

"Manaja, wannan ma cikin shirin biki yake?"

Yaya ya yi bayani a gurguje, yana haɗa kalma da kalma. Ta saurara har ya gama, sannan ta tako zuwa bokitin.

"Ke ce mai ƙwari?"

"Ni ce, ranki ya daɗe. A gafarce ni ban tashi ba, in na tashi za su tayar da inji."

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Ni don jemagu na shigo gandun nan. Mijina kafin ya rasu ba ya da hira sai tasu. In aka kankare filin nan, za su cutu?"

Yaya ya kafe Auta da ido daga bayan matar, yana ɗan gyaɗa mata kai, yana roƙo ba murya. Har mai hon ya saki.

"Ba za su cutu ba, ranki ya daɗe. Bana dai ko a jikinsu."

Yaya ya rufe ido.

"To me ya zaunar da ke a nan?"

"Wani ƙuda."

"Ƙuda."

"Juya a hankali ki duba gefen sandarki. Kada ki ɗaga ƙafa."

A kan wani busasshen kashi da ke bakin ƙofa, ga shi nan ya sauka yana shan hantsi. Dogo ne, ya kusa tsawon ɗan yatsa, gaban cikinsa baƙi, ƙarshensa ruwan ɗorawa, ga wani gemu cirko-cirko a fuska. Kansa kawai ke juyawa. Wata fara ta tashi daga ciyawa. Kafin ido ya kai, ya bar wurin, ya cafke ta a sama, ya dawo kan kashin nan da ita a ƙafafunsa, ya soka mata baki a wuya. Farar ta yi shure-shure kaɗan ta saki.

Dattijuwar ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallo.

"Mummuna ne," in ji ta.

"Sosai."

"Ba zan sa wannan a riga ba."

"Bai nemi riga ba, ranki ya daɗe. Kashi yake so a bar masa inda saniya ta ajiye."

"Da kin ce min jemagu za su cutu, da yanzu na kori taraktar nan, na kuma gode miki. Kin san haka?"

"Na sani."

"Shi ne kika ƙi."

"In na yi miki ƙarya yau, ranar da jemagun za su cutu da gaske, da wane baki zan faɗa miki? Kuma shi wannan ba ɗan rakiya ba ne. Da jemage da babu jemage, yana da dalilin zama."

Dattijuwar ta juya wajen motar rumfa. Yaran motar duk sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ta lura da su, bakinta ya ɗan motsa.

"Manaja, ba za a ɗauki hoton tarakta tana kwasar mace a harabar da sunan mijina ke jikin bango ba. Ina kuma za a iya kafa rumfa?"

"Sai wurin ajiye motoci, ranki ya daɗe. Amma daga can a karkace za a ga fitowarsu, kuma itatuwa sun tare rabi."

"A karkace ɗin za mu gani. Tarakta ta tafi." Ta mayar da kallonta bokiti. "Kada ki ɗauka kin burge ni. Kin ɓata min bikin da na daɗe ina jira, kin mayar da shugabanki abin dariya gaban ma'aikatansa. Filin ya tsira, na bana. Amma ba zan ci gaba da tallafa wa gandun da ma'aikaciya ke shiga bokiti duk ranar da ba ta yarda da umarni ba. Manaja, ka ji ni. Ko ita ko ni."

Ta koma motarta ba ta jira amsa ba.

Auta ta jira har direba ya sauko daga tarakta ya tsaya gefe, sannan ta fito daga bokitin, bayan rigarta sharkaf da gumi. Taraktar ta ja da baya ta juya. Motar rumfa ta bi hanyar wurin ajiye motoci. Ma'aikata suka watse, kowa na gudun haɗa ido da kowa.

Yaya ya tsaya, hannuwa a aljihu.

"Kalma ɗaya, Auta. Da kin tsira da filin, kin tsira da aikin."

"Na sani." Ta cire igiyar katin aikinta daga wuya ta miƙa masa. "Karɓi, kada ka wahalar da kanka da rubutu. Ba zan sa ka zaɓa ba, jemagunka na buƙatar matar nan."

Ya karɓa yana jujjuya katin.

"Kin san abin da wannan ke nufi? Filin kiwo ba ya cikin wuraren da baƙi ke shiga. Daga yau ko shingen nan ba ki da ikon tsallakewa. Kwamiti kuma zai kawo sabon likitan dabbobi, wanda bai san labarin ƙudanki ba. Ranar da ya ɗura wa shanun maganin nan, abin da tarakta ba ta yi ba shi zai yi, ba ƙara ba hayaniya."

"Wa ke da ikon shiga?"

"Ma'aikata. Sai mai shanun da masu taya shi kiwo, don shanun ba namu ba ne, aron fili muka ba shi."

Auta ta dube shi. Shi ma ya dube ta, sai ya gane abin da ya faɗa.

"A'a. Auta, a'a. Umma za ta kashe ni."

Ta riga ta kama hanyar garken baya. Ta tarar da mai shanun, wani dattijo mai furfura a gemu, yana zuba musu ruwa a kwami, shanun sun cunkushe a ɗan wurin suna kuka.

"Sannu da aiki, Baba."

"Yauwa, Dakta. Na ji an ce kin hau bokiti."

"Na sauko. An kuma sallame ni. Kana neman mai taya ka kiwo?"

Ya ajiye bokitin ruwan, ya ƙare mata kallo daga ɗankwali har takalmi.

"Kin iya tatsa?"

"A'a."

"Kin iya ɗaure ɗan maraƙi?"

"A'a."

"To me kika iya?"

"Na san maganin tsutsar da ba ya kashe buzuzu, na san lokacin ba da shi. Kuma ba mai kusantar shanunka da allura ban gani ba."

"Kuma kin iya taurin kai. Saniya na son wannan." Ya ɗauko wata sanda da ke jingine da shinge ya miƙa mata. "Waccan jar mai karyayyen ƙaho ita ce uwar garke. Ki tsaya ta hagunta, ba ta son a zo mata ta dama. In ta tafi, sauran za su bi."

Auta ta zare sakatar garken. Jar saniyar ta yi mata kallon raini, ta hura hanci, ta ƙi motsi. Auta ta koma hagunta ta ɗan taɓa ta da sanda, sai ta taka. Sauran suka biyo baya suna ture juna, suka bi ta gefen ofis, suka ratsa gaban masu rumfa da ke sauke kujeru, ƙura na tashi.

Yaya na nan a ƙofar filin inda ta bar shi, katin a hannunsa. Garken ya nufo shi gadan-gadan.

"Malam Manaja," in ji Auta daga bayan jar saniya, "a ba mu hanya, muna kan aiki."

Ya matsa gefe, ya kama ƙyauren ya riƙe musu har saniyar ƙarshe ta shige.